Wa Ya Ba Shugaban Amurka Ikon Kyautar da Ƙasar Mutane? Muhawara Kan Golan da Yammacin Sahara

Sadiƙu Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, ina so masana shari'a su warware min. Ranar 25 ga Maris 2019 Trump ya zauna a fadar White House, Netanyahu na tsaye a bayansa, ya sa hannu a wata takarda wai Amurka ta amince tuddan Golan na Isra'ila ne. Ranar 10 ga Disamba 2020, saura makonni shida ya sauka daga mulki, ya sake sa hannu a wata, wai Yammacin Sahara na Maroko ne. Majalisa ba ta zauna ba, kotu ba ta yanke hukunci ba, mutanen wuraren nan ba a tambaye su ba. To wace doka ce ta ba shi wannan iko? Ko dai ƙarfi ne kawai?

Baban Yusra:
Wa alaikumus salam. Kai ma ka ba kanka amsa. Wace doka kuma? Wa zai ja da shi?

Barista Hauwa:
Baban Yusra, ka yi saurin rufe magana. Akwai doka, kuma tambayar Sadiƙu ba ɗaya ba ce, biyu ce ya haɗa. Ta farko: a dokar Amurka, shugaban ƙasa yana da hurumin fitar da irin wannan shela? Ta biyu: shelar tana mayar da ƙasar ta zama mallakin wanda aka ce? Ni zan ɗauki ta farko, kuma amsarta e ce, ko mun so ko mun ƙi.

Kundin tsarin mulkin Amurka bai fito fili ya ce wane ne ke amincewa da wata ƙasa ko iyakarta ba. Abin da ya ce a sashe na biyu shi ne shugaban ƙasa ne ke karɓar jakadu. Daga wannan 'yar jumla aka gina komai, domin in ka karɓi jakadan wata gwamnati, ai ka yarda ke nan gwamnati ce. George Washington ya karɓi jakadan gwamnatin juyin juya halin Faransa a 1793. Roosevelt ya amince da Tarayyar Sobiyet a 1933. Truman ya amince da Isra'ila ranar 14 ga Mayu 1948, minti 11 bayan kafa ta. Carter ya juya wa Taiwan baya ya amince da Beijing daga 1 ga Janairu 1979. Babu wanda ya nemi izinin majalisa a cikinsu.

Shari'ar da ta daddale maganar kuwa a kan fasfon wani jariri aka yi ta. An haifi Menachem Zivotofsky a Birnin Ƙudus a 2002, iyayensa Amurkawa. A shekarar majalisa ta yi doka cewa duk Ba'amurken da aka haifa a Ƙudus yana iya neman a rubuta masa Isra'ila a gurbin wurin haihuwa. Ma'aikatar harkokin waje ta ƙi, ta ce Ƙudus kawai za ta rubuta, don matsayin gwamnati tun zamanin Truman shi ne ba ta yanke wa kowa mallakar birnin ba. Iyayen suka kai ƙara, aka yi ta jan magana har yaron ya kusa balaga. Ranar 8 ga Yuni 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 6 suka rinjayi 3, cewa ikon amincewa da ƙasa da iyakarta na shugaban ƙasa ne shi kaɗai, majalisa ba za ta tilasta masa ya saɓa wa maganarsa a takardar gwamnati ba.

Ummu Khalil:
Tsaya Barista. Ke nan a lokacin hukuncin bai yi wa masu goyon bayan Isra'ila daɗi ba?

Barista Hauwa:
Ko kaɗan, Ummu Khalil. A 2015 Falasɗinawa ne suka yi murna, gwamnatin Obama ce ta ci shari'ar. Shekara biyu da rabi bayan nan, ranar 6 ga Disamba 2017, Trump ya hau kan wannan ikon ya ce Ƙudus ce babban birnin Isra'ila. A ƙarshen 2020 aka ba Zivotofsky fasfo mai ɗauke da abin da iyayensa suka nema. Abin da majalisa da kotu suka kasa ba shi, sa hannun mutum ɗaya ya ba shi.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Allah ya ƙara basira, Barista. Bari in ɗauki ta biyun da kika bari, don nan ne ake yi wa mutane rufa-rufa.

Shelar shugaban Amurka dokar cikin gida ce. Tana ɗaure ma'aikatan gwamnatinsa: mai zana taswira, mai buga fasfo, jakada. Ba ta ɗaure Siriya ba, ba ta ɗaure Najeriya ba, ba ta ɗaure Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Kamar mai unguwar wata unguwa ne ya buga hatiminsa a takardar filin gadon da ke wata unguwa daban. Hatimin nasa ne, ba jabu ba ne, amma filin bai tashi daga hannun magada ba.

Ku dubi Golan. Isra'ila ta ƙwace shi daga Siriya a yaƙin kwana shida na Yunin 1967. A Nuwamban shekarar Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri mai lamba 242, wanda ya ce ba a yarda a mallaki ƙasa ta hanyar yaƙi ba. A Disamban 1981 majalisar Isra'ila ta shimfiɗa dokokinta a kan Golan. Cikin kwanaki Kwamitin Sulhu ya fitar da ƙuduri na 497, ya ce matakin ɓatacce ne, ba shi da wani tasiri a dokar ƙasa da ƙasa. Ƙasashe 15 duka suka ɗaga hannu, har da Amurka ta Reagan. Wannan ƙuduri yana nan, ba a soke shi ba.

Kuma wannan ƙa'ida ta ƙin amincewa da ƙwacen ƙasa, Amurka ce ma ta fi kowa tallata ta. Da Japan ta mamaye Manchuria, sakataren harkokin wajen Amurka Stimson ya ce a 1932 ba za su amince ba. Da Sobiyet ta haɗiye Estoniya, Latbiya da Lituweniya a 1940, Amurka ta ƙi amincewa har shekara 50, sai da ƙasashen suka dawo da 'yancinsu. A Yulin 2018 Pompeo, sakataren harkokin wajen Trump, ya fitar da sanarwa kan Kirimiya da Rasha ta haɗiye, yana kafa hujja da wancan matsayi na 1940. Wata takwas kacal bayan nan ubangidansa ya sa hannu a takardar Golan.

Injiniya Bala:
Malam, da girmamawa, ba daidai ba ne a haɗa Golan da Kirimiya. Ni ba ɗan goyon bayan Isra'ila ba ne, amma a faɗi hujjarsu yadda take. Kafin 1967 daga kan tuddan nan sojojin Siriya ke harba manyan bindigogi kan ƙauyukan da ke ƙasa. Ita takardar Trump ɗin ma da tsaron Isra'ila ta kafa hujja, da kuma kasancewar Iran da Hizbullah a kudancin Siriya. Suna cewa wanda ya kare kansa ya ci ƙasa ba ɗaya yake da wanda ya kai hari ba.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Na san hujjar, Injiniya. Matsalarta ita ce ba a taɓa yin mai yaƙin da ya ce shi ne azzalumi ba. Kowa kare kai yake yi a bakinsa. Shi ya sa ƙuduri na 242 bai ware wani irin yaƙi ba. Tsaro yana iya zama dalilin riƙe wuri na ɗan lokaci har a yi sulhu, ana kiran wannan mamaya, kuma tana da dokokinta. Amma ba ya zama takardar mallaka. Misira ta karɓo Sinai ta hanyar yarjejeniyar 1979, Isra'ila ta kwashe har matsugunanta a 1982. Ita kanta Isra'ila ta zauna da Siriya a shekarun 1990 da kuma 2000 ana cinikin mayar da Golan. Ba ka cinikin mayar da abin da ka tabbata naka ne.

Kar kuma a manta da ranar. An sa hannu 25 ga Maris, zaɓen Isra'ila na ranar 9 ga Afrilu.

Ummu Khalil:
Har suka raɗa wa wani matsuguni a can sunan Trump. Ni Duruzawan garin Majdal Shams da ke Golan nake tausaya wa, da yawansu sun ƙi karɓar takardar zama 'yan Isra'ila shekara da shekaru, danginsu na tsallaken waya.

Alhaji Sani Mai Taki:
Ni maganar Golan na bar muku, ban da ja. Amma ta Sahara kada ku haɗa su. Duk wanda ke zuwa ziyarar Shehu Tijjani a Fas ya san yadda mutanen Maroko suka ɗauki wannan ƙasa, daga sarki har mai sayar da na'ana'a a bakin kasuwa. Turawan Sifaniya ne suka yanke ta. Ƙabilun can sun yi wa sarakunan Maroko mubaya'a tun kafin Bature ya zo, kuma Kotun Duniya da kanta ta tabbatar. Trump gaskiya ya faɗa, ko da don wata manufa ya faɗe ta.

Barista Hauwa:
Ranka ya daɗe Alhaji, rabin abin da kotun ta faɗa ka kawo. Ra'ayin da ta bayar ranar 16 ga Oktoba 1975 ya ce lallai akwai alaƙar mubaya'a tsakanin Sarkin Maroko da wasu daga cikin ƙabilun yankin. Wasu, ba duka ba. Sannan ta ce wannan alaƙa ba ta kai ta mallakar ƙasa ba, kuma ba ta hana mutanen yankin 'yancin zaɓa wa kansu makoma ba. Sarki Hassan na Biyu ya ɗauki rabin farko, ya tara mutum 350,000 suka yi tattaki zuwa iyaka ranar 6 ga Nuwamba. Franco, shugaban Sifaniya, na kwance rai a hannun Allah, Sifaniya ba ta son rigima, sai ta sa hannu a yarjejeniyar Madrid ta bar wa Maroko da Muritaniya. Polisario, ƙungiyar da ke neman 'yancin yankin, ta shelanta jamhuriyar Sahrawi a Fabrairun 1976. Muritaniya ta gaji ta janye a 1979, Maroko ta haɗa da kason nata.

An tsagaita wuta a 1991 bisa alkawarin ƙuri'ar raba gardama. Rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke can, MINURSO, ma sunanta daga wannan ƙuri'a aka samo shi. Har yau ba a yi ta ba, an maƙale a kan wa ya cancanci jefawa. Maroko na riƙe da kusan kashi 80 cikin 100, da ganuwar rairayi mai tsawon kusan kilomita 2,700 cike da nakiyoyi. Da yawa daga cikin mutanen yankin suna sansanonin Tindouf a Aljeriya, wasu an haife su a can, sun haifi 'ya'ya a can.

Baban Yusra:
Kuma a faɗa wa Alhaji farashin. A ranar da aka fitar da shelar, a ranar aka sanar Maroko za ta ƙulla hulɗa da Isra'ila. Ba ni gishiri in ba ka manda.

Alhaji Sani Mai Taki:
To wace ƙasa ce ba ta ciniki? Aljeriya don Allah take ciyar da Polisario?

Malam Ɗanjuma Zariya:
Ba don Allah ba ne, Alhaji, wannan gaskiyarka ce. Amma ka tuna matsayin ƙasarka. Najeriya ta amince da jamhuriyar Sahrawi a Nuwamban 1984, zamanin mulkin soja na Buhari, kuma a taron ƙungiyar haɗin kan Afirka na wannan watan ne Maroko ta yi fushi ta fice. Sai a Janairun 2017 ta dawo Tarayyar Afirka, ta tarar da Sahrawi zaune a kujerarta. Har yanzu suna da ofishin jakadanci a Abuja. Buharin nan dai shi ne ya karɓi Sarki Muhammad na Shida a 2016 aka ƙulla maganar takin zamani da bututun iskar gas. Don haka mu ma muna ci da hannu biyu.

Amma ga abin lura. Amincewar Najeriya ba ta ba Polisario Layun, babban garin yankin, ba, kamar yadda amincewar Trump ba ta goge sunan yankin daga jerin yankunan da ba su samu 'yancin kai ba na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda yake tun 1963. Biyafara ma ƙasashe biyar suka amince da ita: Tanzaniya, Gabon, Kodibuwa, Zambiya da Haiti.

Abba Gamboru:
Malam, tunda ka kawo maganar gida, mu nan mun ga yadda ƙasa ke sauya hannu. Bayan hukuncin Kotun Duniya na Oktoban 2002, kowa Bakassi yake ambata, amma ƙauyuka sama da 30 na bakin tafkin Chadi aka miƙa wa Kamaru a ƙarshen 2003, har da Darak, inda masuntanmu Hausawa da Barebari suka yi shekaru. Mutum ya kwana a Borno ya tashi jandarma ne ke karɓar haraji. Shi ma ba a tambaye shi ba. To mene ne bambancin da abin da Trump ya yi?

Barista Hauwa:
Ga wanda abin ya faɗa wa, ɗacin ɗaya ne, Abba, ba zan yi maka gardama ba. A doka kuwa bambancin babba ne. Najeriya da Kamaru su ne masu rigimar, kotun da dukkansu suka yarda da huruminta ce ta yanke, sannan Obasanjo da Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree a Yunin 2006, aka kammala miƙa Bakassi ranar 14 ga Agusta 2008. Mai abu ne ya saki, ko da ransa bai so ba. A Golan da Sahara wani na uku ne daga nesa ya ce na wane ne.

Amma misalinka ya taɓo wani abu. A 2007 Majalisar Dattawan Najeriya ta ce ba ta yarda da miƙa Bakassi ba, don ba a kawo mata yarjejeniyar ba kamar yadda sashe na 12 na kundin 1999 ya tanada. An ji ta, aka kuma miƙa. A harkar iyaka, majalisu a ko'ina sukan zo ne bayan an gama.

Sadiƙu Fagge:
To Anti Barista, tunda mutum ɗaya ne ya sa hannu, wanda ya gaje shi ba zai iya yaga takardar ba?

Barista Hauwa:
Zai iya, da safe ɗaya ma. Shela ba yarjejeniya ba ce da ta bi ta Majalisar Dattawa, wata shelar tana shafe ta. A Fabrairun 2021 sanatoci 27 daga jam'iyyun biyu, ƙarƙashin Inhofe da Leahy, suka rubuta wa Biden ya janye ta Sahara. James Baker, tsohon sakataren harkokin waje wanda ya taɓa zama wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya a rikicin, shi ma ya soki shelar da kakkausar murya, ga shi ɗan jam'iyyar Trump ne. Biden ya yi shekara huɗu bai taɓa ko ɗaya ba. Da aka tambayi Blinken, sakataren harkokin wajensa, kan Golan, sai ya ce a aikace riƙe wurin yana da muhimmanci ga tsaron Isra'ila, maganar doka kuma daban ce. Bai tabbatar ba, bai janye ba.

Injiniya Bala:
Nan ne nake ganin Malam Ɗanjuma ya raina takardar. Ya ce hatimi ne kawai. To a duba abin da ya biyo baya. Kwana biyu da shelar jakadan Amurka a Rabat ya fito da sabuwar taswira babu layin da ya raba Maroko da Sahara. Sifaniya ta goyi bayan shirin Maroko na ba yankin cin gashin kai a ƙarƙashinta a Maris 2022. Isra'ila ta amince da mallakar a 2023. Macron na Faransa ya bi sahu a Yulin 2024, Birtaniya kuma ta goyi bayan shirin cin gashin kan a 2025. A ƙarshen Oktoban 2025 Kwamitin Sulhu da kansa, a ƙuduri na 2797, ya ɗauki shirin Maroko na 2007 a matsayin tushen tattaunawa, ƙasashe 11 suka amince, Rasha da Sin da Pakistan suka ƙaurace, Aljeriya ta ƙi jefa ƙuri'a. Takardar ba ta sauya doka a ranar ba, amma ta buɗe ƙofa kowa ya bi.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Ban raina ta ba, Injiniya, tsoronta ma nake ji, saboda abin da ka lissafa. Sai dai ka lura a Golan ƙofar ba ta buɗe ba, ƙasashen Turai da na Larabawa duk sun ƙi bin Amurka. A Sahara kuma, a Oktoban 2024 kotun Tarayyar Turai ta soke yarjejeniyoyin kifi da na amfanin gona da aka ƙulla da Maroko, don an shigar da yankin ba tare da yardar mutanensa ba. Gwamnatocin Paris da Madrid na faɗin abu ɗaya, alƙalansu na Lukzambur, inda kotun take, na faɗin wani. Abin da ya motsa Sahara ba tawadar Trump kaɗai ba ce. Maroko ta yi shekaru tana aiki: fosfat, bakin haure da take tare wa Turai, bankunanta da suka cika Afirka ta Yamma, ƙananan ofisoshin jakadanci da ta jawo ƙasashe suka buɗe a Layun da Dakhla. Siriya kuwa a 2019 ba ta da abin ba kowa.

Alhaji Sani Mai Taki:
Alhamdu lillahi, Malam ya dawo hanya.

Malam Ɗanjuma Zariya:
Ban je ko'ina ba, Alhaji. Cewa na yi ta iya siyasa, ban ce an yi ƙuri'ar ba.

Sadiƙu Fagge:
Tambaya ta ƙarshe, Anti. In gobe wani shugaban Amurka ya tashi ya ce Kirimiya ta Rasha ce, majalisa ba ta da ta cewa ke nan?

Barista Hauwa:
Tana da, amma ba a kan amincewar kanta ba. A 2017 majalisa ta yi dokar takunkumi da ta rubuta cewa manufar Amurka ita ce kada ta taɓa amincewa da haɗiye Kirimiya. A fahimtata, in aka bi hukuncin Zivotofsky, wannan jumla ba za ta ɗaure hannun shugaban ƙasa ba, kuma kotunan Amurka tun ƙarni na 19 suke cewa tantance mai mulkin wani yanki ba aikin alƙali ba ne, na 'yan siyasa ne. Sai dai hukuncin ya bar wa majalisa makamanta. Ita ke riƙe da jakar kuɗi, ita ke tsara kasuwanci da ƙasashen waje, Majalisar Dattawa ce ke tantance jakada. Da Carter ya bar Taiwan, a shekarar majalisa ta yi dokar da har yau ake sayar wa tsibirin makamai a ƙarƙashinta. Dokar 2017 ɗin ma ta wajabta wa shugaban ƙasa ya kai wa majalisa ta duba kafin ya ɗage manyan takunkuman da aka sa wa Rasha. Don haka zai iya sauya taswira da fasfo shi kaɗai, amma ɗage takunkumi sai ya bi ta gabansu.